Sanƙarau ya tafi da jin 'yarki: wace makaranta, kuma ta wace ƙofa za a shiga?

Wata uwa daga wani gari a yammacin Kano ta rubuto mana cewa: "'Yata shekararta 7. Tana da shekara 4 sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma tun daga nan ba ta ji. Da bakinta ya buɗe sosai, yanzu maganar sai raguwa take yi, wasu kalmomin ma ni kaɗai nake gane su. Na sa ta a firamaren unguwarmu, bayan zango ɗaya hedimasta ya ce ba su da malamin irinta, in kai ta makarantar kurame. Mahaifinta ya ce ba zai kai ƙaramar yarinya makarantar kwana ba. Kakarta kuma ta ce a bar ta a gida ta koyi aiki. Ni ban san yadda tsarin karatun irin waɗannan yara yake ba, ban kuma san inda zan dosa ba."

Malama, sannu da ɗawainiya. Allah ya raya miki ita, ya sa ki ci moriyarta.

Cikin duk abin da kika rubuto, wanda ya fi tayar mana da hankali ba maganar hedimasta ba ce. Cewar da kika yi maganarta tana raguwa ita ce. Kwanyar 'yarki lafiya lau take. Abin da take rasawa kullum shi ne harshe, wato hanyar da za a gaya mata abu ta gane, ita ma ta faɗi abin da ke ranta. Shekara 3 ke nan tana zaune a tsakiyar gida ana hira ba ta san me ake cewa ba. Yaro da harshe yake tunani, da shi yake koyon lissafi, da shi yake sanin halal da haram. Don haka kowace makaranta za ki duba, da ma'auni ɗaya za ki auna ta: akwai wanda zai iya zance da yarinyar nan a cikinta, zance na gaske, ba nuni da yatsa kawai ba? Gini da fenti da kayan makaranta duk a baya suke.

Amma kafin makaranta, asibiti. Ki kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ki ce kina son a yi mata gwajin ji. Za a fara leƙa kunnen a ga ko akwai dauɗa da ta toshe ko ruwa ko fashewar dodon kunne. Sannan a sa ta a ɗakin da babu hayaniya, a ɗora mata abin saurare a kunne, a riƙa sako sauti mai kauri da mai siriri, a hankali ana ƙara ƙarfinsa, duk lokacin da ta ji ta ɗaga hannu. Yarinya mai shekara 7 za ta iya wannan in an nuna mata sau biyu ko uku. In ba ta ba da haɗin kai ba, akwai wani gwajin da ake liƙa wayoyi a goshi da bayan kunne tana barci, na'ura ta karanta ko jijiyar ji tana amsawa.

Sakamakon takarda ce mai zane, kowane kunne da layinsa, ana auna shi da abin da ake kira desibel. A ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi, 26 zuwa 40 raunin ji ne kaɗan, 41 zuwa 60 matsakaici, 61 zuwa 80 mai tsanani, daga 81 zuwa sama kuma kurumta ce sosai. Hirar yau da kullum wajen desibel 60 take. Kada ki fito daga ɗakin sai an gaya miki lambar kowane kunne, kuma ki karɓi takardar ki yi mata hoto kwafi uku ko huɗu. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama a gida da ofis. Sau da yawa yaron da aka yanke wa hukuncin ba ya ji ko kaɗan, in aka gwada sai a tarar kunne ɗaya yana da sauran ji mai amfani.

In an ce na'urar ji za ta taimaka mata, a asibiti za a saita ta daidai da takardar gwajin. Kada ki sayi ta kasuwa ko wadda ake talla a Facebook. Waɗancan ƙara kawai suke ƙarawa kowane sauti, suna iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Ta gaskiyar ana ɗaukar awon ramin kunne a yi mata toshi na roba daidai da shi, kuma tun da yarinya girma take yi, toshin yana yin sako-sako cikin wata 6 zuwa shekara. Alamarsa na'urar ta riƙa fito. Yawancin iyaye a nan suke cewa ta lalace su jefa ta a akwati, alhali sabon toshi kawai take buƙata. Batirinta ƙarami ne kamar maɓallin riga, mako ɗaya zuwa biyu yake yi, kuma da zarar an ɓare 'yar takardar da ke bayansa ya fara ci ko ba a sa shi ba. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofar sautin, gumin bazara yana shiga cikinta, saboda haka kullum da dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe gidan batirin, a ajiye ta a kwalba mai murfi tare da irin ƙullin nan mai tsotse laima. Akwai kuma aikin dashen na'ura a cikin kunne, amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma bayan sanƙarau ƙashi yakan tsiro ya cike can cikin kunnen, sai an ɗauki hoto kafin a san ko zai yiwu. Ki tambayi likita, amma kada ki dakatar da karatunta kina jiran wannan. Sannan don Allah kada a ɗiga mata mai ko ruwan ganye a kunne. Ɓarnar sanƙarau can ciki take, inda ɗigo ba ya kaiwa.

Yanzu tsarin makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro a Nijeriya, ba ta cire mai nakasa ba. Sai kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ita ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, kuma makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo da kayan da suka dace, a shigar da maganar hannu da rubutun makafi cikin koyarwa. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiya. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa a 2020. Cikin kuɗin da gwamnatin tarayya take ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) kuma, kashi 2 cikin 100 na ilimin masu buƙata ta musamman ne, ana tura shi jihohi ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Abin da ke takarda ke nan. A ƙasa kuwa, firamaren unguwa mai yara 80 ko 100 a aji da malami ɗaya ba ta da wannan ma'aikacin mai horo. Hedimastan gaskiya ya faɗa da ya ce ba shi da malami, amma bai da ikon sallamar yarinya da fatar baki. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Tun da bai yi ba, ke ki yi. Firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati a hannun hukumar SUBEB suke, sakataren ilimi shi ne wakilinta a ƙaramar hukumarku, kuma a hedikwatar hukumar da ma'aikatar ilimi ta jiha akwai jami'an da aka ɗora wa ilimin masu buƙata ta musamman. Ki sa a rubuta takarda gajera: sunan yarinya, shekarunta, abin da ya same ta, makarantar da take, da abin da kike nema. Ki haɗa da kwafin gwajin ji. Ki kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a ba ki abinki. Koken baki mantawa ake yi da shi. In kina jin nauyin shiga ofis ke kaɗai, ki nemi shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai sa ido kan makarantar, ko mai unguwa ya raka ki, ko ya raka mahaifinta, wanda ya fi kyau.

Hanyoyin da ake da su uku ne. Akwai makarantar musamman, wadda aka buɗe don yara masu nakasa irin su kurame da makafi, kamar ta Tudun Maliki a Kano, da ta A.A. Raji a Sakkwato, da ta gwamnatin jiha a Kaduna. Makafi kuma tun 1953 suke da tasu a Gindiri ta jihar Filato. Akwai aji na musamman da ake buɗewa cikin firamare ta kowa da kowa, da malaminsa mai maganar hannu, yara su yi wasa da sauran ɗalibai su kwana a gidajensu. Akwai kuma zama a aji ɗaya da masu ji, wanda shi manufar gwamnati ta fi karkata gare shi a yanzu.

Ra'ayinmu a fili yake. In gwaji ya nuna raunin bai wuce matsakaici ba, kuma na'ura tana sa ta ji magana, ta zauna a makarantar unguwa da gyare-gyaren da za mu faɗa. In kuwa kunnuwan biyu sun wuce 80, ajiye ta a ajin da babu mai maganar hannu ba haɗa ta da sauran yara ba ne, zaman kaɗaici ne a cikin taro. Irin waɗannan yara sukan iya kwafar allo da rubutu mai kyau, littafi ya cika tsaf, malami ya yi ta ba su maki, a kai aji 6 ba su san ma'anar kalma ɗaya da suka rubuta ba. Ki gwada da kanki: ki rubuta "akuya" a takarda ki ce ta nuna miki ita a tsakar gida.

Kada kuma kowa ya ce miki ai za ta riƙa karanta leɓe. Ki tsaya gaban madubi ki ce "baba", ki ce "mama", ba tare da sauti ba. Bakin iri ɗaya yake motsi. Ki ce "kai", "ƙai", "gai", duk a maƙogwaro suke, ido ba ya ganin bambancinsu. Hausa kuma da karin sauti da jan wasali take rarrabe kalmomi, "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bayyana a leɓe. Karanta leɓe taimako ne, ba zai ɗauki nauyin karatu ba.

Tsoron mahaifinta ba abin watsarwa ba ne. Yarinyar da ba ta iya ba da labarin abin da aka yi mata tana cikin haɗari fiye da sa'o'inta, a makarantar kwana da ma a unguwa. Shekara 7 kuma ta yi ƙanƙanta da rabuwa da uwa. Kafin a kai ga kwana, ku bincika abu biyu. Na farko, ko makarantar musamman tana karɓar 'yan jeka-ka-dawo, kuma ko akwai gwaggo ko inna a cikin birni da yarinyar za ta zauna wurinta Litinin zuwa Juma'a. Na biyu, ki ƙirga kuramen yara a garinku da ƙauyukan kewaye. Inda sanƙarau da ƙyanda suka ratsa, da wuya a ce ita kaɗai ce. In kuka tara sunaye 8 ko 10, da shekarunsu da sa hannun iyayensu, buƙatar ta tashi daga alfarmar mutum ɗaya ta koma neman a buɗe aji a turo malami, kuma wannan ya fi sauƙin karɓuwa a ofis. Malaman suna nan. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a Oyo. Da yawa daga waɗanda suka gama ana tura su koyar da wasu darussan daban ne saboda babu wanda ya nemi a turo su inda ake buƙatarsu.

In za ku je duba makaranta, ku je tare da mahaifinta, ranar karatu, da hantsi, ba tare da kun sanar ba. Ku roƙi a bar ku ku tsaya a bayan aji minti 20. Ki kalli hannun malami: yana zuba zance da shi ne yara suna mayar masa, har da musu da dariya, ko kuwa da baki yake magana yana ɗan jefa alama jefi-jefi? Ki tambaya ko akwai kurame cikin malamai. Inda suke, yara sun fi saurin kama harshe. Ki ƙirga yaran ajin, domin ajin kurame da ya wuce 10 zuwa 15 ba kowa zai ga hannun kowa ba, kuma zaman da ya dace shi ne na rabin da'ira, ba layi-layi ba. In kwana ne, ki shiga ɗakin kwanan mata da kanki. Wace ce mai kula da su, a nan take kwana, ta iya maganar hannu? Ƙofa tana kulluwa daga ciki? Banɗaki yana cikin katangar mata, da haske da dare? Ƙanana a ware suke da manya? Yaushe ake ziyara, wa ake bari ya ɗauki yarinya? Ki nemi lambar iyaye biyu da 'ya'yansu mata ke can ki ji daga bakinsu. Wajen rajista yawanci ana neman takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, takardar asibiti, hotuna, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ku fara nema tun kafin hutun ƙarshen shekara, kada ku bari sai an koma a Satumba.

Akwai abin da yakan ba iyaye mamaki. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu asalinta daga ta Amurka take, da Ingilishi take tafiya, ana kuma harhaɗa haruffa da yatsu. Ta bambanta da maganar hannu ta Hausa da kurame suke yi a kasuwanni da majalisunsu tun kaka da kakanni, wadda ita ma cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta. Sai yarinya ta dawo hutu da harshen da babu mai ji a gidansu, ta zama baƙuwa a ɗakin uwarta. Maganin wannan ɗaya ne, ku ma ku koya. Ki nemi reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa a jiharku, ko wata babbar mace kurma a garinku, ta riƙa zuwa gida sau biyu a mako ko da za a ɗan ba ta na mota. Alama 5 a rana ta isa: ruwa, tuwo, ciwo, zo, bari. Cikin wata 3 kun haura 400. Ki sa yayyenta da ƙannenta a ciki, sun fi manya saurin ɗauka. Masu cewa maganar hannu tana kashe baki ba su da hujja. Rashin harshe gaba ɗaya shi ke kashe shi.

'Yarki ma tana da wata dama da wanda aka haifa kurma ba shi da ita: ta ji Hausa shekara 4, sautukan suna nan a kanta, sai dai suna dusashewa. Ki ci gaba da yi mata magana, kina fuskantarta, haske a fuskarki, ba ihu, ba taune kalma. In ta yi magana ki amsa, kada a yi mata dariya, domin dariya ɗaya takan rufe bakin irinsu shekara guda. Sannan a gaggauta koya mata karatun Hausar boko tun kalmomin suna kanta. A rubuta "ƙofa" a liƙa a ƙofa, "randa" a randa, "tukunya" a tukunya, ki faɗa, ki yi alamar, ki nuna rubutun. Yaron da ya haɗa rubutu da kalmar da ya taɓa ji ya samu tsani, Ingilishin makaranta ma zai zo masa da sauƙi. Alwala da salla kuma da gani ake koyonsu, ki tsayar da ita kusa da ke.

In ta zauna a makarantar unguwa, ko na wucin gadi kafin a samu wuri, ki zauna da malamin ajinta ku rubuta yarjejeniya shafi ɗaya, hedimasta ya sa hannu. Ta zauna a layin farko ko na biyu, kada ta wuce mita 2 daga malami, domin duk ninkin tazara yana rage ƙarfin murya da desibel 6. Kunnen da ya fi ji ya kalli malami, taga tana bayanta don hasken ya faɗa fuskarsa. Kada ya yi bayani yana fuskantar allo. Aikin gida da duk wata sanarwa a rubuta su. A haɗa ta da ƙawa ɗaya mai natsuwa da za ta riƙa nuna mata shafin da ake. Kada a doke ta don an kira ba ta amsa ba. A ƙarshen shafin a sa buri 3 na zangon, masu ƙirguwa, misali ta karanta kalma 50 ta nuna ma'anarsu, ta yi tarawa da ɗebewa har 20, ta rubuta sunanta da na garinsu. Ƙarshen zango ku zauna ku gwada. In zango biyu suka wuce babu motsi, wurin bai karɓe ta ba, kada ki ƙara ɓata mata shekara.

Ga kaka, a lallaɓa ta. Aikin gida za ta koya, ba a hana ba. Amma a nuna mata cewa kurame suna zana jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, suna shiga kwalejin Oyo da jami'o'i, suna dawowa malamai. Ranar da za ku je duba makaranta, in da hali ku tafi da ita ta ga malama kurma tsaye gaban aji.

Cikin alamomin farko da za ku koya, ki sa waɗannan: sunayen sassan jiki duka, har da na tsiraici, da "a'a", da "wa ya yi?", da "gaya wa mama". Ki ba kowane mutum na gidan da maƙwabta masu shigowa alamar sunansa, yadda in ta zo da ƙorafi za ta iya faɗin wanda take nufi. Ki rubuta lambar wayar mahaifinta a cikin jakarta da kuma jikin hijabinta ta ciki. Ki koya mata tsallaka titi da duba dama da hagu sau biyu, tun da ba za ta ji hon ɗin babur ba, kuma ki gaya wa 'yan acaɓa da masu shagunan layinku cewa ba ta ji.